Sunan da ke fom ɗin banki da rabon gado: wa ke da haƙƙi a kan dukiyar mamaci?

A watan Yulin 2024 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da ƙa'idoji kan asusun ajiyar da aka daɗe ba a taɓa ba. Duk asusun da ya shekara 10 ko fiye a kwance, bankin da ke riƙe da shi zai miƙa kuɗin ga wani asusun amana a CBN, a riƙa juya su a takardun lamunin gwamnati, har ranar da mai su ya zo nema a mayar masa da uwar kuɗi da abin da suka haifa. Sai dai layi ɗaya ne ya fi yawo a wayoyin mutane: wai wanda mai asusu ya rubuta a matsayin ɗan'uwansa mafi kusa zai iya zuwa ya karɓi kuɗin. Daga nan wasu suka ɗauka cewa wanda sunansa ke fom shi ne magaji, har aka samu masu rugawa banki su canza suna, wannan ya cire ƙane ya sa mata, wancan ya cire mata ya sa ɗa.

Ƙa'idojin ba su ba kowa gado ba. Sun dai ce makusanci ko wakilin mamaci zai iya shigar da buƙata, tare da takardun da ke nuna yana da hurumi. Ruɗanin ya samo asali ne daga cewa dukiyar Musulmin Najeriya tana bi ta hannu biyu bayan rasuwarsa. Shari'a ce ke faɗin wanda zai samu da nawa zai samu. Banki da kamfanin fansho da ofishin filaye kuwa takarda suke jira, ba su san ɗa ko jika ba sai abin da kotu ta buga wa hatimi.

## Me sunan da ke fom yake nufi

Gurbin nan da ake cikewa wajen buɗe asusu, ko kama aiki, ko kwanciya a asibiti, amfaninsa shi ne a san wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. Ba wasiyya ba ce, ba kyauta ba ce, kuma ba ya cire kowa daga gado ko ya shigar da shi. Matsayin wanda aka rubuta bai wuce na mutumin da aka bar wa makullin ɗaki ba, riƙe makulli ba ya mayar da kayan ɗakin su zama nasa.

Mutane da yawa sun cike gurbin tun suna samari, suka rubuta sunan wa ko ƙane, suka yi aure suka hayayyafa ba su koma sun gyara ba. Idan irin wannan ya rasu ya bar ɗa namiji, ƙanen nan ba shi da ko sisi a gadon, domin ɗa namiji yana katange 'yan'uwan mamaci. Idan ya yi amfani da katin cirar kuɗi ko wayar mamacin ya kwashe abin da ke ciki, a shari'a ya ci dukiyar magada, a dokar ƙasa kuma magadan na iya kai shi ƙara su nemi ya dawo da ita.

## Abin da ake fitarwa kafin a zo kan magada

Malaman gado ba sa fara rabo sai an bi matakai a jere. Da farko a fitar da kuɗin jana'iza daidai misali, likkafani da haƙar kabari da makamantansu. Sai bashi. Sai wasiyya. Abin da ya rage shi ne gado.

A nan ake yawan samun kuskure biyu. Na farko, hidimar zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba sa cikin kuɗin jana'iza. Ko a wurin malaman da ba su ga laifin yin su ba, ba a ɗebe su daga dukiyar da marayu ƙanana ke da rabo a ciki, sai dai balagaggen da ya so ya yi daga nasa. Na biyu, sadakin da miji bai gama biya ba bashi ne, ana biyan matar kafin rabo, sannan ta zo ta karɓi rabonta na gado. Haka kuɗin da ta ranta masa ya ƙara jari, ko gwal ɗinta da ya sayar ya ce zai mayar, muddin akwai shaida.

A ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar abin da aka yi wa kuɗi naira miliyan 30. Jana'iza da bashi sun ci miliyan 3, saura 27. Ya yi wasiyya a ba wata makarantar Islamiyya miliyan 3, wanda bai kai sulusi ba (sulusin 27 shi ne 9), don haka ta wuce, saura 24. Ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza 6, mata 5, mahaifinsa kuwa ya riga shi. Matan za su raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas, miliyan 3, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya na da sudusi, wato ɗaya bisa shida, miliyan 4. Ragowar miliyan 17 ta 'ya'ya ce, namiji rabo biyu mace rabo ɗaya: kowane ɗa miliyan 2, kowace 'ya miliyan 1. Waɗannan kasafi suna cikin aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i, ta 176 kuma ta yi bayanin rabon 'yan'uwa idan babu ɗa babu uba.

Saki yana shiga lissafin nan fiye da yadda ake zato. Matar da aka yi wa saki ɗaya ko biyu, mijin ya rasu ba ta gama idda ba, tana da gadonta. Wadda aka yi wa saki uku ko aka yi hul'i da ita mijin na da lafiyarsa ba ta da shi. Amma a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Arewa ke hukunci da ita, idan miji ya saki mace yana kwance a ciwon ajali, za ta gaje shi ko ta gama idda, kai ko da ta yi wani auren. Hikimar ita ce a toshe ƙofar korar mace daga gado a kan gadon jinya. Shi ya sa kwanan watan da ke jikin takardar saki kan zama abin jayayya a gaban alƙali. Idan kuma ɗaya daga matan na da ciki, Malikiyya kan dakatar da rabon har ta haihu.

## Wasiyya: iyakarta a shari'a da abin da kotunan ƙasa suka ce

Ƙa'ida biyu ce ke tsare wasiyyar Musulmi. Ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, aka tsaya a sulusi, aka ce sulusin ma da yawa. Kuma ba a yi wa wanda zai ci gado wasiyya, sai idan sauran magada sun yarda. Saboda haka uban da ya rubuta cewa gidan gaba na babban ɗansa ne bai ba shi komai ba tukuna, magana ta koma hannun sauran 'ya'ya bayan rasuwarsa.

Inda abin ya rikice shi ne Najeriya ta gaji dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda ta ba mutum damar ya ba wanda ya ga dama abin da ya ga dama. A shari'ar Adesubokan da Yunusa, wani Musulmi ya rubuta wasiyya a tsarin wannan doka ya fifita wasu 'ya'yansa a kan wani. Mai shari'a Mohammed Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ya ce wasiyyar ta saɓa wa hukuncin Malikiyya. Kotun Ƙoli ta soke hukuncinsa a 1971, ta ce dokar 1837 ta ba mamacin wannan 'yanci.

Hukuncin bai yi wa malamai da lauyoyi Musulmi da yawa daɗi ba, kuma daga baya wasu jihohi, ciki har da Kaduna da Kwara da Oyo, suka yi nasu dokokin wasiyya da suka ce 'yancin nan bai shafi wanda ya rasu yana ƙarƙashin shari'ar Musulunci ba. A kan dokar Kwara ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta dogara a 2007, a shari'ar Ajibaiye, ta rushe wasiyyar wani Alhaji da ya rubuta ƙarara cewa yana so a raba dukiyarsa da dokar Turawa duk da shi Musulmi ne.

Masu goyon bayan hukuncin 1971 suna cewa tsarin mulki ya ba kowa 'yancin addini, ciki har da 'yancin ya zaɓi yadda zai yi da abin da ya tara, kuma bai kamata kotu ta tilasta wa mamaci abin da ya rubuta cewa ba ya so ba. Ɗaya ɓangaren na cewa da numfashi ya fita dukiya ta tashi daga hannun mai ita ta koma ta magada, don haka haƙƙin masu rai ake karewa, kuma wanda ya mutu a Musulmi ba ya zaɓar wani sashe na shari'a ya bar wani. Ga talaka, abin da ya fito daga wannan muhawara shi ne amsar na iya bambanta daga jiha zuwa jiha, ya danganta da dokar wasiyyar da ke aiki a can.

Ga wanda ba Musulmi ba kuwa, idan bai bar wasiyya ba, galibi irin auren da ya yi ne ke nuna hanya: auren rajista na jan dukiyar zuwa dokar gwamnati, auren gargajiya zuwa al'adar mutanensa. Ita ma al'adar tana da iyaka. A 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta ce al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki.

## Kyauta tun da rai

Tunda wasiyya ga magaji ba ta wucewa, mai son ya keɓe wa wani abu sai ya bi ta kyauta. Mutum na da ikon ya ba matarsa gida, ko ya ba 'yarsa fili, yana raye da lafiyarsa. Amma a Malikiyya kyauta ba ta kammala sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa.

Nan ne ƙararraki da yawa ke faɗuwa. Mace ta zo kotu ta ce, "Alhaji ya ce gidan nan ya ba ni, a gaban ƙanensa ma ya faɗa." Alƙali ya tambaya wa ke karɓar kuɗin haya har ranar da ya rasu, takardun suna hannun wa, sunan wa ke jiki. Idan amsar duka Alhaji ce, gidan na iya komawa cikin gado duk da cewa maganar ta faru. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi, ba ta tafiya ga magaji sai da yardar saura.

Kan fifita wani ɗa da kyauta, malamai sun rabu. Duka suna kafa hujja da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida ya umarce shi da ya daidaita tsakanin 'ya'yansa. Hambaliyya sun ɗauke shi a matsayin haramci, sai in akwai dalili kamar rashin lafiya ko nakasa. Mafi yawan malamai, har da Malikiyya, sun ce makaruhi ne amma kyautar ta zauna.

Akwai kuma hubusi, wato waƙafi, inda ake tsayar da kadara ba a sayarwa ba a gado, amfaninta kawai ake ci. Kano da Sakkwato da Zamfara duk suna da hukumomin zakka da waƙafi. Ana iya yin sa don iyali, sai dai Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce wanda aka yi wa 'ya'ya maza aka ware mata ɓatacce ne.

## Jikokin da ubansu ya riga kakansu

Wannan ita ce mas'alar da ta fi tayar da hankali a zaman rabo. Babban ɗa, wanda wataƙila da shi aka tara dukiyar a kasuwa, ya rasu ya bar yara, bayan shekara biyu uban ya bi shi. Muddin akwai ɗa namiji a raye, yaran nan ba su da gado, baffanninsu sun katange su.

Wasu ƙasashen Musulmi sun yi doka a kai. Masar a 1946 ta kawo abin da ake kira wasiyya wajiba: kotu ta ɗauka kamar kakan ya yi wa jikokin wasiyyar rabon ubansu, muddin bai wuce sulusi ba. Pakistan a 1961 ta wuce nan, ta ba su rabon uban kai tsaye. Masu goyon baya na cewa ayar wasiyya ga makusanta tana nan da ƙarfinta a kan dangin da ba sa gado. Masu suka na cewa wannan ƙirƙirar magaji ne da Allah bai sa ba, musamman tsarin Pakistan.

Kotunan shari'a na Najeriya ba sa aiki da ko ɗaya daga ciki. Abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada shi ne kakan da kansa ya saukar da jikokin a matsayin ubansu tun yana raye, a gaban shaidu, abin da ake kira tanzili. Hukuncin wasiyya yake ɗauka, daga sulusi ake fitar da shi. Idan bai yi ba, sai abin da baffanni suka ga dama suka bayar. Hanya ɗaya ce da ta ɗan riƙo da agola, su ma ba sa gado amma wasiyya na isa gare su.

## A ƙofar banki da kamfanin fansho

Ko magada sun zauna lafiya malami ya yi musu lissafi, banki ba zai saki kuɗi da wannan ba. Abin da aka saba nema shi ne takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda sashen rajistar wasiyya da gado na Babbar Kotun Jiha ke bayarwa. Ana kai takardar shaidar mutuwa, a karɓo daga bankuna adadin abin da ke kowane asusu, a buga sanarwa don mai ƙorafi ya fito, a kawo masu tsayawa, a biya wani kaso na ƙimar dukiyar wanda ya bambanta tsakanin jihohi. Abu ne na watanni. Waɗanda sunansu ya fito a takardar wakilai ne, aikinsu su tattara su biya bashi su miƙa wa kowa rabonsa.

A jihohin Arewa sau da yawa kotun shari'a ko babbar kotun yanki ce ke rubuta wa banki a kan kuɗin mamacin da ake raba gadonsa a gabanta, wasu kamfanonin fansho ma na karɓar odar irin wannan kotu mai hatimi. Wasu wuraren kuma sai sun ga ta Babbar Kotu. Tambayar abin da kowace ma'aikata ke karɓa tun farko na rage zirga-zirga.

Dokar fansho ta 2014 ta raba abu biyu. Kuɗin da ke asusun fanshon ma'aikaci, a rubuce a dokar, ba a sakin su sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin nan. Inshorar rai da doka ta wajabta wa ma'aikata ta yi wa ma'aikacinta, wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara, ita ana biyan wanda ya rubuta a matsayin mai cin moriya. Wannan shi ne wuri ɗaya da sunan da ke fom yake da nauyi a doka. A shari'a kuwa malamai sun yi saɓani: wasu na ganin kuɗin haƙƙin mamaci ne da aikinsa ya jawo, don haka gado ne, wasu na ganin kyauta ce daga ma'aikata ga wanda aka ambata tunda mamacin bai taɓa mallakarsu ba.

Abin da ba a nema ba yana nan yana taruwa. A 2023 hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta ce ribar hannun jarin da ba a karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190, kuma wani ɓangare nata na mamatan da iyalansu ba su ma san sun sayi hannun jari ba ne.

## Gida da gona, da kotun da za a je

Kuɗi na rabuwa cikin sauƙi, gida ba ya rabuwa. Gidan cikin gari mai ɗaki shida da magada goma sha huɗu, ko dai a yi masa kuɗi wasu su biya saura, ko a sayar a raba. Idan fili na da takardar mallaka ta gwamna, sashe na 24 na dokar amfani da ƙasa ta 1978 ya ce ba a yanka shi gida-gida saboda gado sai da amincewar gwamna.

Iyalai da yawa na barin gida ko gona a dunƙule don kada a ce sun yi gaggawa ko sun raba zumunci. Masu wannan ra'ayi na cewa gonar da aka yayyanka ba ta ciyar da kowa, kuma gidan gado shi ne mafakar wadda aurenta ya mutu. Masu cewa a raba da wuri na nuna abin da jinkiri ke haifarwa: magaji ya rasu kafin rabo, rabonsa ya koma kan nasa magadan, lissafi ya hau kan lissafi, mutum goma su zama sittin. Kuma a zaman dunƙule galibi maza ne ke noma gonar ko karɓar haya, mata da ke gidan aure su ji shiru. Ana iya haɗa biyun, a yi lissafi a rubuta kason kowa, sannan a ci gaba da amfani tare da yardar duka.

Idan ta kai ga shari'a, Hisba da masu unguwa da dattawa sulhu suke yi, ba su da hukuncin da zai tilasta. Ƙara na farawa a kotun shari'a ko kotun yanki. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan gado da wasiyya da kyauta da waƙafi idan mai dukiyar Musulmi ne. Amma idan rigimar ta wa ya mallaki fili ce tsakanin magada da wani bare da ya ce saya ya yi, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan ba hurumin waccan kotu ba ne, Babbar Kotu ake ɗaukaka ƙarar. An sha yin shekaru ana shari'a a rushe ta a sama saboda an bi ƙofar da ba ita ba.

## Abin da mai dukiya ke iya yi

Tunda shari'a ta riga ta yanka rabon kowa, wasu na ganin rubuta wasiyya ba shi da amfani, wasu ma na jin kamar kiran mutuwa ne. Hadisin Ibn Umar da ke Buhari da Muslim kuwa cewa ya yi bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce ba. Mafi yawan abin da irin wannan takarda ke ɗauka ba rabon gado ba ne. Ɗan kasuwar Kwari ko Dawanau na iya bin mutum ashirin bashi a baki, a hannunsa kuma akwai jarin wasu da ajiyar wasu, ga shanu a wajen mai kiwo, ga zubin adashi, ga fili da aka saya da sunan yaron shago, ga kuɗi a OPay ko Moniepoint da ba wanda ya san da su sai wayarsa. Wanda ake bi zai iya yin shiru, wanda ke bi kuma sai ya kawo shaidu kuma ya yi rantsuwa kafin alƙali ya ba shi.

Takardar da ta jera waɗannan, ta faɗi abin da aka riga aka bayar kyauta da ranar da aka miƙa shi, ta ambaci wasiyyin da zai kula da ƙananan yara da dukiyarsu, ta bayyana inda sulusi zai tafi, shaidu biyu adalai waɗanda ba su da rabo a ciki suka sa hannu, ita ce alƙali zai fara dubawa. Ana iya ajiye kwafinta a rajistar Babbar Kotu ko wajen lauya, kuma mai ita na da ikon ya canza ta duk lokacin da aka yi haihuwa, ko aure, ko saki, ko aka sayar da wata kadara.